Damisa Ƙi Sabo: 'Yan Kallon Life of Pi a Unguwarmu



Yau maganar fim zan yi. Kada mai karatu ya sa ran irin sharhin masana, domin ni karatuna a sakandare ya tsaya, daga nan sai rumfar mahaifina da littafin bashi. 'Yan kallo ne suka ɗauki hankalina. Sau uku na kalli wannan fim a cikin mutane, a nan unguwarmu ta Sabo da ke Ibadan, ko Badun kamar yadda iyayenmu ke faɗa, kuma rabin lokacin fuskokin jama'a nake kallo maimakon bango. Abin da na gani a fuskokin nan, da abin da na ji daga bakunansu, shi nake so in ba ku labari.

Sunan fim ɗin Life of Pi, wato rayuwar wani yaro da ake kira Pi. Ya fito a ƙarshen 2012, kuma Ang Lee, mutumin ƙasar Taiwan, shi ya ba da umarni. Asalinsa littafi ne da wani ɗan Kanada, Yann Martel, ya fitar a 2001, har ya ci kyautar Booker a 2002. An daɗe ana cewa ba mai iya mayar da littafin nan fim, kuma da ka ji labarin za ka san dalili. Mahaifin Pi yana da gidan namun daji a garin Pondicherry na ƙasar Indiya. Da al'amura suka rikice masa sai ya yanke shawarar su koma Kanada, ya loda iyalinsa da dabbobinsa a wani jirgin dakon kaya na Japan. Guguwa ta same su a tekun Fasifik, jirgi ya nutse da uwarsa da ubansa da wansa. Pi, ɗan shekara 16, ya tsinci kansa a kwale-kwalen ceto tare da jakin dawa mai karyayyiyar ƙafa, da kura, da gwaggon biri mace, da damisa irin ta Indiya mai ratsi-ratsi, wadda aka raɗa wa suna Richard Parker. Kura ta kashe jaki da biri, damisa ta kashe kura. Saura yaro da damisa, kwana 227 a kan ruwa, har igiyar teku ta jefa su gaɓar ƙasar Meziko.

To ta yaya za a zaunar da mutum awa biyu da yaro ɗaya da dabba ɗaya da ruwa? Amsar Ang Lee ita ce hoto. An kashe wa fim ɗin kimanin dala miliyan 120, ya dawo da sama da miliyan 600, ya kuma kwashi kyautar Oscar guda 4 a 2013, ciki har da ta ba da umarni, da ta ɗaukar hoto, da ta siddabarun kwamfuta.

Yadda ya iso gare mu kuwa, duk wanda ya san gidan kallon ƙwallo ya san Yuni da Yuli watannin yunwa ne. An rufe gasar Ingila da ta Sifen, benci ya zama wayam. A 2023 abin ya haɗe da cire tallafin man fetur da aka yi a ƙarshen watan Mayu, man janareto ya yi tashin gwauron zabi. Sai mai gidan kallon layinmu ya koma haska finafinai da majigi a farin bango, galibi na Indiya masu fassarar Hausa. Wannan kwafin da ya samo babu fassara, Turanci ne zalla. Ya kira ni ya ce, "Kai ne ɗan bokonmu, zo ka zauna kusa da dattawa ka riƙa faɗa musu abin da ake cewa, na yafe maka kuɗin shiga." Haka na zama tafinta dare uku a jere.

Mutanen da ke ɗakin za su kai arba'in. Akwai 'yan dako, da 'yan acaɓa, da masu tsire da suka bar yara a bakin tukuba, da 'yan canji biyu, da wani ustazu matashi da ke koyarwa a Islamiyya, da wani dattijo mai sayar da goro wanda ya fi shekara hamsin a garin nan. Akwai kuma samarin Yarabawa da muka tashi tare, Hausa a bakinsu kamar jakin Kano, da wani Ibo mai sayar da kayan gyaran babur.

Da farko kowa ya ɗauka fim ɗin Indiya ne irin wanda aka saba. Ana ganin Irrfan Khan, Allah Ya ji ƙansa, ya rasu a 2020, da Tabu a matsayin uwar yaro, aka hau tafi, an ga 'yan gida. Aka gyara zama ana jiran rawa da faɗa. Minti talatin ba a buga kowa ba, sai guna-guni ya fara tashi daga benci na baya. Wani ɗan acaɓa ya ɗaga murya ya ce, "Tafinta, wai ina bos ɗin fim ɗin nan?" Na ce ya yi haƙuri. Can da damisa ta yi wuf daga ƙarƙashin tamfol ta damƙe kura, ɗaki ya ɗauka gaba ɗaya, shi kuma ya miƙe tsaye yana cewa, "Yauwa, ga bos!"

Amma tun kafin nan an daina guna-guni, tun daga wurin da jirgi ya nutse. Akwai inda Pi yake ƙarƙashin ruwa, yana shawagi shi kaɗai, ga ƙaton jirgi yana sulalewa ƙasa da fitilunsa a kunne, kuma ka san iyayensa suna ciki. Ban taɓa jin gidan kallon nan ya yi shiru irin na wannan lokacin ba, ko ranar da ake bugun fenareti. Daga nan hotuna suka yi ta zuwa. Wata safiya teku ta kwanta lumui kamar madubi, sama da ruwa suka zama launin zinariya ɗaya, har ba ka gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara, kwale-kwale kamar an rataye shi a iska. Wani dare ruwa ya cika da ƙananan halittu masu haske, sai ga wani ƙaton kifi ya ɓullo yana walƙiya, ya yi sama ya faɗo. Nan kam salati aka ɗauka. Wani ya ce, "Irin wanda ya haɗiye Annabi Yunusa ke nan." Ga kifaye masu tashi da suka yi musu ruwa kamar farin ɗango, ga tsibirin da ke cike da dubban dabbobi masu kama da kurege. Mai karatu ya tuna yawancinmu ba mu taɓa ganin teku ba, duk da Legas ba ta da nisa da mu. Mutum ɗaya ne bai girgiza ba, wani ɗan dako Basarke daga Yawuri wanda ya tashi a cikin jirgin kamun kifi. Shi gyara yake ta yi wa Pi, wai ba haka ake riƙe ƙugiya ba.

Da aka tashi daren farko, gardamar da ta ɓarke a ƙofa ita ce damisar nan ta gaske ce ko ta kwamfuta. Har da masu sa kuɗi. Washegari na zo musu da abin da na binciko a intanet: mafi yawan wuraren da ake ganin damisa, zana ta aka yi da kwamfuta, bayan an yi nazarin damisa huɗu na gaske. Tekun kuma wani ƙaton tafki ne da aka gina a wani tsohon filin jirgin sama a birnin Taichung na Taiwan, mai cin galan miliyan 1.7, da injin da ke tayar da igiyar ruwa. Shi kansa yaron, Suraj Sharma ɗan birnin Delhi, a cikin mutum kusan 3,000 aka zaɓo shi, bai taɓa yin fim ba, ko iyo bai iya ba sai da aka koya masa.

Wallahi wasu haushi suka ji, kamar na gaya musu an sayar musu da jabun kaya. Ɗaya daga cikin masu tsire ya juya wajen ustazu da gaskensa ya ce, "Malam, to ni da na yi ta tasbihi jiya a kan kifin nan, ashe zane na yi wa? Ina matsayin tasbihina?" Kafin ustazu ya buɗe baki, dattijo mai goro ya ce, "Yaro, shi wanda ya zana ɗin, wa ya ba shi ido da hannu?" Aka yi dariya, aka shiga kallo na biyu, ɗaki ya fi na jiya cika.

Sai batun addini. Pi a gidan Hindu aka haife shi, ya shiga coci ya ji yana so, ya ga masu salla ya shimfiɗa darduma, ya riƙe duka ukun a lokaci guda. Ustazu ya girgiza kai ya ce wannan ruɗu ne, ba a hawa doki uku da gindi ɗaya. Abin mamaki, wanda ya fi kowa mara masa baya shi ne Ibon nan mai zuwa coci kullum Lahadi, ya ce shi ma a wajensu wannan ba Kirista ba ne. Samarin Yarabawa kuwa ko a jikinsu. Ɗaya daga cikinsu, abokina tun firamare, ya ce, "Ku ne abin yake ba mamaki. Babana Alhaji ne, ƙanwarsa tana waƙa a coci, kakarmu kuma har ta mutu ba ta bar abin gidansu ba, kuma tukunya ɗaya ake dafa mana." Ba wanda ya canza ra'ayin wani. Amma na lura da abu guda: kowa gidansu ya gani a bangon nan.

Inda zukata suka fi tafasa shi ne rabuwar yaro da damisa. Sun isa gaɓar Meziko duk sun rame sun zama ƙashi. Damisa ta diro, ta taka a hankali zuwa bakin daji, ta tsaya. Kowa a ɗakin yana jiran ta waiwayo. Ba ta waiwayo ba, ta shige abinta. Aka nuno Irrfan Khan, wato Pi bayan ya manyanta, yana hawaye a kan wannan rashin sallama. Samari suka hau zagi, wai butulu ce, bayan ya kama mata kifi, ya ba ta ruwa, ya tsamo ta lokacin da ta kusa nutsewa. Dattijo mai goro ya bari suka gama, sannan ya ce, "Ku ne kuka sa rai. Ba ku san kirarinta ba? Damisa ƙi sabo."

Nan ɗaya daga cikin 'yan canji ya faɗi maganar da ta sa ɗaki ya yi tsit. Ya ce, "Baba, ai mu ma haka garin nan zai yi mana. Ka shekara hamsin kuna ci tare, ranar da abin ya tashi ko waiwayenka ba za a yi ba." Abokina Bayarabe ya juyo ya ce masa, "Alhaji, tsaya tukuna. A cikinmu wane ne yaron, wane ne damisar? Don mu ma da ido ɗaya muke barci." Aka yi 'yar dariya irin wadda ba ta kai ciki ba. Na daɗe ina juya wannan musayar. Pi ya ce tsoron damisa ne ya hana shi sakin jiki ya mutu, kuma ɗawainiyar ciyar da ita ce ta ba shi abin yi kowace safiya. Ba wanda ya iya jefa wani a ruwa. Duk wanda ke zaune a Sabo, ko Agege, ko Mile 12, ko Shagamu, ya san irin wannan zaman.

Yanzu ga inda nake so mai karatu ya ba ni hankalinsa. Bayan duk wannan, fim bai ƙare ba. Pi yana kwance a gadon asibiti, sai ga Japanawa biyu masu binciken nutsewar jirgi. Ya ba su labarin damisa, suka ce ba za su iya rubuta wannan a rahoto ba, ya ba su abin da hankali zai ɗauka. Sai ya ba su wani labarin. A cikinsa babu dabba ko ɗaya. Mutum huɗu ne a kwale-kwale: shi, da mahaifiyarsa, da wani ma'aikacin jirgi mai karyayyiyar ƙafa, da kukun jirgi. Kuku ya yanke ƙafar ma'aikacin, mutumin ya mutu, kuku ya yi tarkon kifi da namansa, har ya ci. Uwa ta yi masa tsawa, daga baya ya kashe ta a gaban ɗanta. Washegari Pi ya kashe kuku da wuƙa.

Wannan labari na biyu ba a nuna ko hoto ɗaya nasa ba. Farin ɗaki ne, da farin zanen gado, da fuskar yaro yana magana yana kuka na 'yan mintoci. Ga mutanen da ba sa jin Turanci, ba abin da ke bango sai fuska. Wato duk abin da za su sani daga bakina zai fito. A daren farko benci na baya har sun fara miƙewa suna neman takalma, sun ɗauka an gama. Da na kai wurin kisan uwar, na ji an ce, "Kai tafinta, me ka ce?" Na maimaita. Waɗanda suka miƙe suka koma suka zauna. Basarken Yawuri ne ya fara ganewa, tun kafin fim ya fayyace. Ya ce, "Kura ita ce kukun. Birin uwarsa ce. To ashe damisar shi ne da kansa."

A ƙarshe Pi ya tambayi marubucin da ya zo jin labarinsa wanne ya fi so a cikin biyun, tunda ba wanda za a iya tabbatarwa, kuma a kowanne jirgi ya nutse, iyalinsa sun mutu. Marubuci ya zaɓi na damisa. Pi ya nuna masa cewa imani da Ubangiji ma irin wannan zaɓin ne. Nan ustazu ya miƙe ya ce shi fa a nan suka rabu da mai fim, don shi bai yi imani saboda labarin ya fi daɗi ba, ya yi ne saboda gaskiya ne, kuma mai cewa ka zaɓi wanda ya fi daɗi ya riga ya gaya maka bai yarda da ko ɗaya ba. Sauran jama'a kuwa da mai gidan kallo ya ce a ɗaga hannu, kusan kowa damisa ya zaɓa, dare ukun duka. Ba mu kaɗai ba ne. Barack Obama ma, lokacin yana shugaban Amurka, ya rubuta wa Martel wasiƙa a 2010 cewa shi da 'yarsa sun karanta littafin, kuma labarin dabbobin suka fi so.

Ni ɗan kasuwa ne, kuma abin da ya zo mini a rai shi ne kwandon tumatir. Kowa ya san fuskar kwando: manya jajaye a sama, ƙanana da waɗanda suka fara ruwa a ƙasa. Kowane ɗan kasuwa Musulmi kuma ya san hadisin mai hatsin da ya bar jiƙaƙƙen a ƙarƙashi. Ban ce Ang Lee ya yi algus ba, domin ya faɗa mana abin da ke ƙasa. Amma bai zazzage kwandon ba. Ya ba labari ɗaya kusan awa biyu da dala miliyoyi da kifi mai walƙiya, ya ba ɗayan farin bango da minti kaɗan, sannan ya ce mu zaɓa. Ai ya riga ya ɗora yatsa a kan sikeli.

Wannan ya sa na nemi littafin. Na same shi a wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi a Dugbe, na yi wata biyu ina fama da babi 100, ƙamus na waya a hannu. A littafi duka labaran biyu baƙaƙe ne a kan takarda, ba wanda aka yi wa kwalliya da haske. Kuma labarin dabbobin kansa ba shi da wannan tsabtar. Kura tana cin jakin dawa da ransa, shafi bayan shafi. Yunwa ta kai Pi ga gwada cin kashin damisa. Ya makance na wani lokaci, ya gamu da wani makahon a tsakiyar teku, damisa ta cinye shi. Duk an cire waɗannan a fim don yara su iya kallo. An kuma cire wani Musulmi mai gasa burodi wanda a wajensa Pi ya ga salla, da wurin da limami da fada da malamin Hindu suka yi kiciɓis a gaban iyayensa kowa yana cewa yaron nasa ne. Mai karanta littafi yana zaɓe tsakanin wahala biyu. Mu 'yan kallo an ba mu aljanna a hannun dama, farin ɗaki a hannun hagu.

Shi kansa fim ɗin yana da ƙasan kwandonsa. Kamfanin Rhythm & Hues da ya zana damisar nan ya karye a watan Fabrairun 2013, kwanaki kaɗan kafin a ba shi kyautar Oscar, ya sallami ma'aikata sama da 200. Ranar bikin ɗaruruwan masu wannan sana'a suna zanga-zanga a waje. Da jagoran aikin, Bill Westenhofer, ya karɓi kyauta ya fara ambaton halin da kamfanin ke ciki, sai aka tayar da kiɗa aka kashe masa makirufo. Duniya ta yi wa damisa tafi, waɗanda suka zana gashinta ɗaya bayan ɗaya suna neman aiki.

Dalilin da ya sa abin ya tsaya mini a rai, a gidanmu akwai mai labari biyu. Mahaifina dillalin tumatir ne, mutumin Ɗanja ta jihar Katsina, kuma a kasuwar Sasa rumfarsa take lokacin rikicin watan Fabrairun 2021. Waɗanda ke nan sun tuna: cacar baki a kan kayan da suka zube a ƙofar wani shago, mutum ɗaya ya rasu, washegari wuta ta tashi. An ƙona rumfuna da gidaje, an rasa rayuka ta kowane ɓangare, gwamnati ta rufe kasuwa, jama'a suka cika gidan Sarkin Sasa.

In ka tambayi Baba labarin ranar a majalisa, sai cikinka ya yi ciwo don dariya. Zai gaya maka yadda ya yi gudu da takalmi ƙafa ɗaya, da yadda wata Bayarabiya da ta shekara goma sha biyar tana sayen kaya a hannunsa ta fizgo shi ta tura shi bayan buhunan alabo ta rufe ƙofa. Wai ana ta ihu a waje, ita kuma ta leƙo tana raɗa masa, "Alhaji, yanzu nawa za ka bar mini kwando?" Da dare ya fito fari fat kamar fatalwa, har ƙanina ya gan shi ya ruga. Wannan labari gaskiya ne, ba ƙari a ciki, matar tana nan da ranta, kuma duk Salla sai an kai mata nama. Shi ake ba baƙi, shi aka ba kakata a waya, an ma rage mata wutar.

Ɗaya labarin sau ɗaya na taɓa jin sa. Baba yana da yaron rumfa, ɗan ƙauyensu, bai kai shekara ashirin ba, wanda ubansa ya damƙa masa amana hannu da hannu. Sun riga sun fito tare, sai Baba ya tuna littafin bashi, ya ce ya koma da gudu ya ɗauko. Yaron bai dawo ba. Bayan kwana tara muka hau mota zuwa Ɗanja, ni ke riƙe da jaka. Ina zaune a ƙofar zaure na ji Baba yana faɗa wa uban yaron komai, daga farko har ƙarshe, har da cewa shi ya aike shi. Ba buhun alabo a wannan labarin, ba takalmi ƙafa ɗaya. Uban ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce, "Alhaji, kwanansa ne ya ƙare. Na gode da ba ka ɓoye mini ba."

A dare na uku Baba ya zo gidan kallo, abin da bai taɓa yi ba, don ya ji ana ta maganar ɗansa tafinta. Ya zauna kusa da dattijo mai goro, wato dab da ni. Ya yi salati a wurin kifi kamar kowa, ya yi dariyar damisa da ta jiƙe. Da aka zo farin ɗaki na fassara kamar yadda na yi dare biyu, ban rage komai ba, idona a bango. Da aka ce a ɗaga hannu, bai ɗaga wa ko ɗaya ba. A hanyar gida muka yi tafiya ba magana har muka wuce masallaci. Sannan na ce, "Baba, kai wanne ka ɗauka?" Ya ce, "Wanda ya tsira shi ke da labari biyu. Uban yaron nan ɗaya gare shi."

Ban ga laifin waɗanda suka ɗaga wa damisa hannu ba. Mutumin da zai koma kasuwa gobe da asuba, ya yi ciniki da maƙwabcin da jiya suke gudun juna, dole ya sami labarin da zai iya ɗauka a ka ya yi tafiya da shi. Da Baba labarin zaure yake maimaitawa kullum, da bai sake buɗe rumfa a garin nan ba, da mu ma mun tashi da ƙiyayyar mutanen da a cikinsu akwai matar da ta ɓoye shi. Inda na rabu da fim ɗin shi ne tambayarsa, wai wanne ka fi so, kamar kowa mai saye ne a gaban tire. Akwai wanda labari na biyu haƙƙinsa ne, bashi ne a wuyanka, kuma sai ka hau mota ka je ka biya shi baki da baki kafin labarin dariya ya halatta gare ka a majalisa.

Wanda bai kalli fim ɗin ba ya nema, ya cancanci kallo, kuma ya fi daɗi a cikin jama'a. Shawarata ɗaya ce: in an zo farin ɗakin nan kada a tashi neman takalmi, kuma in akwai wanda ba ya jin Turanci a kusa, a fassara masa duka. 'Yan'uwa da ke Legas da Onica da Fatakwal, na san ku ma akwai gidajen da ke da labari biyu a wajenku. Allah Ya ji ƙan waɗanda suka rasu, namu da nasu, Ya zaunar da mu lafiya a inda muke. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah Ya kai mu.